Motar Da Ba A Jin Zuwanta

Ni dai hoton nan ya ishe ni tun ranar da na fara ganinsa. Ina tsaye ina fama da firinta da ta cinye mini takarda, sai ga Baba ya faɗo shagon, sallamar ma rabi ya yi, ya turo mini waya har kusa da hanci.

"Uwata, buga mini wannan. Babba nake so, irin na masu talla."

Na karɓa na duba. Ba komai. Baƙi wuluk, kamar an ɗauki hoton cikin aljihu. Sai da na karkata wayar sannan na hango wani ɗan siririn haske kore a gefe, lanƙwasasshe, bai fi yankan farce ba. A ƙasa an rubuta wai jiranmu ya kusa ƙarewa, sai ranar da za a yi sanarwa.

"Baba, wannan ai duhu ne. Duhu zan buga maka?"

"Ke ce ba ki iya kallo ba. Kamfanin motata ne ya saki ɗazu. Duniya duk ta ɗauka."

Duniyar da yake nufi ba ta cika benci biyu ba. Masu motar lantarki ne irinsa, da suke haɗuwa kowace Asabar a bayan babban kanti, inda aka kafa wurin caji ƙarƙashin wata rumfar kwano. Aikina buga katin gayyata ne da hoton fasfo da allon shago, amma ranar na ture aikin mutane gefe na buga wa mahaifina duhu mai faɗin ƙofa. Baƙar tawadata ta ƙare ƙarƙaf, ya naɗe abinsa ya fita yana murmushi.

Baba malamin kimiyya ne da ya yi ritaya. Shi ne mutum na farko a unguwarmu da ya sayi motar kamfanin nan, wata 'yar ƙarama fara, tun lokacin da yara ke bin ta suna leƙa ƙarƙashinta don neman salansa, bututun hayaƙi. Yana son ta, so na gaske. Abin da ya fi burge shi shirunta. Yakan ce mutum ya iso gida bai tashi jaririn maƙwabta ba, wannan shi ne wayewa. To amma batir tsufa yake yi kamar gwiwa. Motar da a da take kai shi ko'ina, yanzu in ta je kasuwa ta dawo sai an jona ta.

Yayansa kuwa, Baffa, bakanike ne, rayuwarsa duk a cikin baƙin mai ta ƙare. Yana wani gari mai nisa, bayan doguwar hanyar nan mai hawa da gangara wadda babu wurin caji ko ɗaya a kanta. Shekarun baya Baba ya ɗauki motarsa ya ce zai je ya nuna wa Yaya abin da zamani ya zo da shi. Ana hango rufin garin batir ya mutu. Baffa ne ya zo da tsohuwar motarsa ta jan kaya, ya ɗaure ta da sarƙa, ya ja ta ta tsakiyar kasuwa yana danna hon, yana leƙowa ta taga yana cewa, "Ku matsa, ga zamani zai wuce!" Har da hawaye don dariya. Baba bai yi dariya ba. A ƙofar garejin, gaban kowa, ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai motar nan ta kawo shi da ƙarfinta, kuma ba zai ƙara zama cikin mota mai hayaƙi ba har abada. Baffa ya ce, "To Auta, ina jira." Tsoho mai furfura har gira, amma a wurin yayansa Auta ne.

Ba gaba suka yi ba. Kullum suna waya, suna tsokanar juna. Zuwan ne dai babu. Sai ciwon suga ya cinye idanun Baffa, daga baya ya sauka ƙoda, ya kwanta. Matarsa, wadda muke kira Inna, ni take kira, don ta san in ta kira Baba labarin batir zai yi mata.

Asabar ɗin da ta biyo baya Inna ta kira ni ina shirin fita. Muryarta a dushe. Ta ce likita ya ce a mayar da shi gida, a yi ta ba shi abin da yake so. Ta ce, "Abin da yake so kuwa ƙaninsa ne. Ki faɗa masa."

Na ja motata na nufi bayan kanti. Tawa mai fetur ce, tsohuwa, suna kiranta Mai Tari. Ba su yarda in ajiye ta kusa da rumfarsu ba, sai can wajen kwandunan shara, wai kada ta gurɓata musu iska. Na taka na same su sun liƙa hoton a bango, sun yi masa da'ira kamar masu duba mara lafiya.

Injiniya ne ke bayani. Injiniyan famfo ne fa, bututun ruwa ya sani, amma tun da ya sayi motar lantarki ya zama kakakin kamfani ba da saninsu ba. Yana bin ɗan hasken da murfin biro.

"Ku dubi lanƙwasar nan. Gefen batir ne. Sabo, siriri kamar faranti. Kuma ku dubi koren. Ba irin koren tambarin motocin farko ba ne?"

"Shi ne," in ji Baba. "Wallahi shi ne."

"To me ya sa za su dawo da tsohon kore? Saƙo ne gare mu. Batir ne da zai shiga tsofaffin motoci. Mu muka fara yarda da su lokacin da kowa ke mana dariya. Ba za su manta da mu ba."

Tamanin ya girgiza kai. Sunansa ke nan a wurin, don shi ke tsare dokarsu ta cewa kada kowa ya yi caji ya wuce kashi tamanin, wai cikawa na kashe batir. Ko bayi ka shiga, in motarka ta kai tamanin za ka dawo ka tarar ya zare.

"Rufi ne," ya ce. "Rufi mai shan hasken rana. Kana tafiya tana caji."

"Rufi da kore?"

"Kai kuma batir ka taɓa gani yana haske?"

Mai Kemis, mace ɗaya tilo a cikinsu, tana zaune a bakin motarta tana cin gyaɗa, ta ce ita dai ko fukafuki ne su yi su gama, ta gaji da zaman jiran caja ɗaya alhali ɗayar ta lalace tun bara. Aka yi dariya kaɗan, aka koma kan hoton. Wani ya ce in juya shi a kife, wani ya ce in ƙara masa haske a kwamfuta ko wani abu zai fito. Na riga na ƙara. Duhu ne ya zama toka-toka, shi ke nan.

Na ja Baba gefe, bayan cajar da ta lalace.

"Inna ta kira. An sallamo Baffa."

"Alhamdu lillahi, sauƙi ke nan."

"Ba sauƙi ba ne, Baba. Ka san ba sauƙi ba ne. Mota ga ta can, na cika tanki. Mu tafi yanzu, kafin yamma mun isa."

Ya dubi inda Mai Tari take, kusa da shara, ya kau da kai.

"Asabar mai zuwa ce sanarwar. Injiniya ya ce irin wannan abin, ranar da aka faɗa ranar ake fara sakawa, kuma na farko a layi tsofaffin abokan ciniki ne. Ina sakawa sai hanya."

"Injiniya ya ce! Injiniya da su aka yi taron?"

"Uwata, rage murya."

"Ba zan rage ba. Mutum yana kwance yana kiran sunanka, kai kana nan kana karanta duhu."

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cire tabarau ya yi yana gogewa da bakin riga.

"Ba ki san Yaya ba. In na sauko daga motarki, abin da zai fara cewa shi ne, ina zamanin? Yana kwance zai yi mini dariya. Ina so sau ɗaya a rayuwata in tsaya a ƙofarsa bai ji zuwana ba, in ce Yaya ga ni, da ƙafarta ta zo. Daɗi zai ji. Ke ba ki sani ba, amma daɗi zai ji."

Tamanin ya ƙwalo masa kira cewa motarsa ta kai, zai zare. Ya tafi da sauri ya bar ni tsaye.

Satin nan ban ga irinsa ba. Da safe in buɗe shago, in yi ta buga katin auren mutane kaina na sarawa, da rana Inna ta kira, da yamma in biya gidan Baba in tarar da shi a tsakar gida da motar. Ya wanke ta. Ya cire kujerar baya don ta yi sauƙi, ya fitar da tayar safaya, har tabarmar ƙafa ya cire. Ya sayo wa Baffa sabon bargo ya ajiye a gaba, a cikin ledarsa. Wayarsa kuwa ba ta hutawa, 'yan rumfa suna ta turo sabon hasashe. Yau an ce wani ya ga manyan motoci suna shiga masana'anta a rufe. Gobe an ce shugaban kamfanin ya saka koren agogo. Baba ya karanta mini kowanne kamar labarin haihuwa.

Farkon satin na ji shi yana waya da Baffa. Ya saka a sifika don kunnensa ya fara nauyi. Muryar Baffa ta zama siririya, amma hankalinsa garau.

"Auta, kana hanya?"

"Ina nan tafe, Yaya. Asabar. Da motata zan zo."

"Da wannan akwatin? In shirya sarƙa ke nan."

"Ba za ka ma ji isowata ba."

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta karɓi wayar. Baba ya dube ni yana haske, wai kin ji ko, lafiyarsa lau, har tsokana yake yi. Na ɗauki jakata na fita ban ce masa sai da safe ba. A mota na zauna na yi kuka mai isata, na share fuska na tafi gida, don yara na jira.

Na yi tunanin in tafi ni kaɗai. Na ma faɗa wa Inna. Ta ce, "Ki zo mana, ɗiyata, amma ba ke yake tambaya ba." Gaskiya ta faɗa, ko da ta yi ciwo. Na roƙi Mai Kemis ta yi masa magana, ta ce ta gwada, ya ce ita ma ta fara warin fetur. Daga tsakiyar sati Inna ta daina ba da wayar ga Baffa, ta ce barci yake yi. Baba ya ce barci magani ne.

Ranar Asabar da hantsi suka cika rumfar. Injiniya ya kawo babbar kwamfutarsa ya ɗora a kan bonet, aka jawo benci, wani ya kawo shayi a filas. Baba ya saka rigarsa mai kyau, wadda yake zuwa taro da ita. Ya ce Tamanin ya yi masa afuwa yau ya cika batir har ɗari, Tamanin ya ce yau ɗaya dai. Ni ina tsaye a baya, makullin Mai Tari a hannuna, na matse shi har ya yi mini shaida a tafi.

A allon kwamfutar aka fara taron sanarwar da kiɗa da hayaƙi da fitilu. Wani mutum ya fito ba taye, ya yi ta magana a kan mafarki da makoma. Ya daɗe. Shayi ya huce. Sai ga hoton nan nasu ya cika allo, duhun da ɗan koren haske. Injiniya ya miƙe tsaye. Kyamara ta fara ja da baya a hankali, hasken ya zagaye ya zama zobe, zoben ya zama bakin bututu mai ƙyalli a bayan wata jar mota mai kujera biyu, shimfiɗaɗɗiya a ƙasa, irin wadda ko tudun rage gudu ba za ta haura ba.

"Salansa ce?" in ji Mai Kemis.

Salansar ƙarya ce. Mutumin ya yi bayani yana alfahari. Sifika ce aka ɓoye a ciki. Wai sun saurari jama'a, jama'a sun ce suna kewar rurin inji. Ya danna wani abu, motar ta yi wata irin ƙara da ta sa 'yar sifikar kwamfutar Injiniya ta yi ta karkarwa. Mutanen cikin zauren suka tashi suna tafi.

A rumfarmu ba wanda ya motsa. Injiniya ya ce a dakata, irin waɗannan mutanen sai a ƙarshe suke fito da babban abu. Muka dakata. Aka nuna kalolin fenti. Aka nuna hula da riga masu tambari. Mutumin ya ɗaga hannu ya shige, kiɗa ya dawo. Tsofaffin motoci ko a hoto ba a nuna su ba.

"Wataƙila a wata sanarwar," in ji Injiniya, a hankali. "Ai shekara ba ta ƙare ba."

Tamanin ya ce shi dama bai taɓa cewa batir ba ne. Suka fara musu a kan wanda ya fi kusa da gaskiya. Baba ya tashi. Ya je motarsa, ya buɗe gaba, ya ɗauko bargon nan a ledarsa, ya rufe ƙofar a hankali. Bai zare cajin ba. Ya bi ta gabansu, ya tsallaka filin ajiye motoci har wajen kwandunan shara, ya tsaya a gefen Mai Tari yana jira in buɗe masa.

Muka kama hanya. Ina da maganganu cike da baki, na tara su sati guda, amma da na dube shi ya rungume bargo a cinya kamar yaron da za a kai makarantar kwana, sai duk suka tsere. Ya sauke gilashi don warin fetur na hawa masa kai. A daidai inda batirinsa ya taɓa mutuwa ya juya ya kalli gefen hanya, ya ci gaba da kallo har muka wuce.

Rana ta yi sanyi muka isa. Ƙofar gidan a wangale take, duka ɓangarorin biyu, an tokare ɗaya da tsohon rim ɗin taya, ɗayan da dutse. Kaji suna shiga suna fita. Na shigar da motar tsakar gida, ta yi tarinta ta mutu. Inna ta fito tana gyara ɗankwali, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta dubi Baba, ta dubi motar.

"Inna, ƙofa a buɗe haka?" na ce, don in sami abin faɗa.

"Shi ya hana a rufe. Tun ranar da suka yi waya. Ya ce motar Auta ba ta da ƙara, in an rufe zai zo ya tsaya a waje ba wanda ya sani." Ta rage murya. "Da farkon sati kuka zo da kun same shi. Yanzu hankalin zuwa yake yi yana tafiya. Ni kaina jiya ya tambaye ni ko ni wace ce."

Ɗakin yana warin magani da man zafi. An matsar da gadon kusa da taga mai kallon ƙofar gida. Baffa, mutumin da yake ɗaga giyabos shi kaɗai, ya koma ɗan ƙulli cikin zanin gado. Idanunsa a buɗe, ba sa ganin komai. Hannayensa ne kawai na gane, har yanzu da baƙi-baƙi a gindin farce.

"Motar wa ta shigo?" ya ce. "Fulogi ɗaya ba ya ci. A faɗa wa mai ita."

Baba ya durƙusa a bakin gadon, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kama hannunsa.

"Yaya, ni ne. Na zo."

"Wa?"

"Auta ne, Yaya. Autanka."

Baffa ya shafa hannun, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kai hanci kusa da hannun rigar. Sai ya saki.

"A'a. Kai fetur kake wari. Auta ba ya shiga mai hayaƙi, ya rantse a gabana. Yaro ne mai taurin kai, amma ba ya saɓa magana."

"Yaya, wallahi ni ne. Motar ce ba ta..."

"Yana hanya. Ya ce Asabar." Ya juya fuska wajen taga. "Na ja shi da sarƙa ta cikin kasuwa, ka sani? Ban kyauta ba. In ya zo zan fito in zagaya motar, in ce masa ta yi kyau. Ya daɗe yana son in faɗa."

Inna ta toshe baki da ɗankwali ta fita. Baba ya jawo ƙunshin da ya shigo da shi. Ya warware bargon daga leda zai lulluɓa masa, ledar ta yi ƙara.

"Shhh," in ji Baffa. "Bawan Allah, in za ka zauna, zauna shiru. Motarsa ba a jin zuwanta, sai an kasa kunne."

Baba ya ajiye ledar a ƙasa a hankali. Ya jawo kujera ya zauna, ya sake kama hannun yayansa, wannan karon bai ƙwace ba. Daga tsakar gida Inna ta tambaya ko a rufe ƙofa tunda duhu ya fara. Baba ya girgiza mini kai, na fita na ce mata a bar ta. Da na dawo na same su yadda na bar su, su biyu sun juya wajen taga suna sauraren hanya.